Hannun Cindo a Majigi

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Ku gyara zama, don yau ba dariya zalla na kawo muku ba, ko da yake da ita za mu fara. Wanda bai san ni ba, ni ce Barakatu, 'yar Malam Jibo ta Mahuta, mai keken ɗinki, wadda duk unguwa ta shaida cewa in rediyo yana magana ba a aikena. Ko an aike ni ma, sai dai a ci tuwo ba daddawa.

Rediyon nan Baba ya sayo shi shekarar da auduga ta yi kyau. A kan turmi yake zama a ƙarƙashin rumfa, da wani ƙyalle da na yi wa ɗinkin fulawa ana lulluɓe shi, sai ka ce ango. Kuma ni duk mutanen da ke cikinsa na gama raba musu matsayi. Mai karanta labaran rana shi ne lamba ɗaya, murya kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Na safe kuwa, Allah dai ya ba shi lafiya, da hanci yake magana, kullum sai in ce da mura ya kwana. Akwai wata mai filin mata da ke koya mana dafa abincin da ko sunan kayan haɗinsa ba mu taɓa ji ba. Wai a samu kabeji. A Mahuta! In ta fara sai in tashi in je in yi shara.

Inna Hansai, mahaifiyata, ita wasan kwaikwayo ne ke ɗaga mata hankali. Akwai wani magidanci a cikin wasan mai yawan yi wa matarsa tsawa. In ya fara, sai Inna ta ajiye tsintar shinkafa ta hau salati.

"Allah ya saka mata! Wannan mutum ba zai gama lafiya ba."

"Inna, wasa ne fa. Ba matarsa ba ce."

"Ke, rufe min baki. Matar da ba tasa ba zai yi wa wannan tsawar? Da kunnena na ji."

Nakan yi dariya har in riƙe ciki. Ku ajiye wannan magana ta Inna a gefe, za ku ji inda irinta ta biyo da ni.

Wanda ke nemana sunansa Manu, malamin gona ne, ɗan garin Ƙarfi, aiki ya kawo shi wajenmu. Dogo ne, baƙi mai tsabta, kullum cikin wandon kaki da farar riga da hula ƙube a karkace, ga kekensa mai ƙararrawa da ya fi ƙauna bayan ni. Samari na kai wa 'yan mata turare da sabulu, shi batir yake kawo min. Ƙawayena suna ta tsiya wai na samu saurayin da bai san kyauta ba, ni kuwa na san ya fi nasu sanin inda zuciya take. In yana son ya gaya min magana a gaban duniya, sai ya aika gidan rediyo, a filin gaishe-gaishe na hantsi a karanto, "Manu malamin gona yana gaida Barakatu mai keken ɗinki a Mahuta." Ranar da aka fara karantowa, wallahi allura na soka wa yatsana ban ji ba. Ina son Manu. Na faɗa muku a fili, ba kunya, don ku san nauyin abin da ke tafe.

Sai kuma Cindo.

Duk Mahuta an san Cindo a matsayin marayan gidanmu, ɗan wata 'yar uwar Baba da ta rasu a Matazu. Yaro ne da bai daɗe da fara tafiya ba, mai kumatu, mai yatsa shida a hannun dama, abin da ya ba shi sunan ke nan. Mata har layi suke yi su taɓa hannun wai arziki ne. To ku na gaya wa abin da ba wanda ya sani sai mu uku, ni da Inna da Baba: ba mu da wata 'yar uwa da ta rasu a Matazu. Sunansa na gaskiya Uche.

Fiye da shekara na yi a Funtuwa ina koyon ɗinki, ina kwana a gidan ƙanen Baba, ina yini a shagon Madam Nwamaka kusa da tasha. A Funtuwa aka haifi Madam, Hausarta ta fi tawa gishiri, in ta zage ki sai kin je gida za ki gane zagi ne. Mijinta Fidelis faifan garmaho da batir yake sayarwa a shago na gaba, shi ya sa muke ɗinki da kiɗa tun safe har la'asar. A nan na koyi rawar da in Baba ya gani sai ya tsine wa keken ɗinki. Uche ɗansu ne na fari, kuma a cinyata ya yi wayo.

Farkon daminar bana, ta alif ɗari tara da sittin da shida, gari ya rikice. Ba sai na ba ku labari ba, wanda bai gani ba ya ji. Mutanen kudu irin su Madam suka shiga neman motar gudu ko ta halin ƙaƙa. Baba ya zo ɗaukata, muka biya shago don in yi sallama, muka tarar Uche na kwance da ƙyanda, jiki duk ya feso, ido a rufe, zafi kamar garwashi. Motar da su Madam za su shiga babba ce marar rufi, an cika ta maƙil, ga hadari ya haɗo.

Madam ta dube ni, ta dubi Baba, ta ce, "Baba, in na tafi da shi a haka, a hanya zan binne shi."

Baba ya cire hularsa ya mayar. Ita da kanta ta ɗora min shi a baya, ta kwance zanen da ke ƙugunta, wata atamfa mai hoton faifai-faifai, ta ɗaure mu tare. Ɗaurin ya yi tam.

"In gari ya lafa zan dawo. Barakatu, kada ki bari kowa ya san nawa ne."

Tun daga ranar ko saƙon gaisuwa ba mu samu ba. A ƙarshen damina kuma abin ya sake tashi, har ya fi na farko muni. Yaron ya warke, ya yi ƙiba, ya koyi cin fura. Da ya buɗe baki bai san wata Mama ba sai ni. Na hana, na harare shi, na nuna masa Inna, ina! Har na gaji na ƙyale shi.

To ranar da zan ba ku labarinta, bayan la'asar na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Na yi sauri na canza zani, na ɗaura atamfata shuɗiya mai ganyen kuka, na goga kwalli, na ɗan taɓa jan baki na kuma goge rabi don kada Inna ta yi magana. Na ɗauki tabarma na fita zaure. Manu yana tsaye yana murmushi har kunne.

"Ranki ya daɗe, uwar 'yan rediyo."

"Malam, sannu da zuwa. Yau kuma wane taki aka kawo mana?"

"Yau ba taki. Albishirinki."

"Goro."

"Gwaggo Hajjo da Kawu Maitama sun sauka tun azahar, suna gidan mai unguwa. Gobe da hantsi za su zo a sa rana."

Na rufe fuska da mayafi. Daɗi ya kama ni har na ji ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Manu maraya ne, Gwaggo Hajjo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi, Kawu Maitama kuma shi ne madadin uba. Abin da su biyun suka ce, shi ne.

Ya zauna a bakin dakali ya shiga ba ni labarin Kaduna, don makon da ya wuce aka kira su taro. Wai ya ga talabijin da idonsa a wani kanti, mutane sun yi cincirindo a bakin gilashi.

"Rediyo ne fa, amma da taga. Kina jin mutum kina ganinsa."

"Har mai labaran rana?"

"Shi dai ban gani ba. Amma na ga wani, gajere, da tumbi."

"To Allah ya kiyaye. Ni ba na so. In yi shekara ina son murya, in je in tarar mai ita ba wuya? A bar min rediyona in siffanta su yadda na ga dama."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Inna da ke laɓe a bayan ƙofa ta kasa haƙuri ta sa baki, wai ita tambayarta ɗaya, in muna ganinsu, su ma suna ganinmu? Don ita ba za ta zauna ba lulluɓi wani ƙato na leƙo ta daga Kaduna ba. Manu ya rantse mata ba sa gani. Ta ce haka dai aka ce.

Muna cikin dariyar nan ya ce, "Au, na manta babban labarin. Yau akwai majigi a filin kasuwa. Ni na yi ta bin su har suka yarda su zo, don su Gwaggo su ga ni ma ana jin maganata."

Ni da majigi kuwa, ba a shiga tsakaninmu. Na tafa hannu na ce wanne za a nuna, na masu ƙwallo ko na mutumin da ya ƙi haƙa masai?

"Sabo ne fil, ko ni ban gani ba. Na tsintar auduga. Kuma ba a ƙasar Turawa aka yi shi ba, a Funtuwa aka ɗauka, kakar bara."

Masu karatu, kun san yadda mutum yake ji in ya taka matakala a duhu ya tarar babu ita? Haka na ji.

Kakar bara wasu mutane suka zo bakin shagon Madam da na'urar ɗaukar hoto mai ƙafa uku, da wani Bature ja da rana ta gasa. Suna neman mace da za ta fito a matsayin matar manomin kirki, mai tsince auduga tas kafin a kai kasuwa. Duk 'yan koyo suka noƙe, ni mai rawar kai na ce ga ni. Matar kirki fa aka ce, ba ƙazamar ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka zuba auduga, aka kawo wani mutum mai wushirya da ban taɓa gani ba, kuma ban sake gani ba, aka ce shi ne mijin. Sai Baturen ya ce ban yi kama da matar aure ba, a nemo goyo. Madam tana ta ƙyalƙyala dariya ta ɗauko Uche ta ɗaure min. Ina tsinta, yaron ya zuro hannu ta ƙarƙashin hammatata ya damƙi auduga, Baturen ya ji daɗi, ya matso da na'urar dab da hannun ya daɗe yana ɗauka. Suka tafi, na manta da su. Na ɗauka hoton can ƙasarsu za a kai. Ko Baba ban gaya wa ba, don na san faɗa zan sha.

"Lafiya?" in ji Manu. "Kin yi shiru."

"Malam, ba za a iya canza shi ba? Na audugar nan gundura ne da shi. Mutane sun gaji da wa'azin noma, a sa musu na ƙwallo."

"Kai, Barakatu! Sana'ar mijinki ce gundura?"

Na buɗe baki zan gaya masa komai. Wallahi na buɗe. Sai ga Cindo ya fito daga cikin gida yana tangaɗi, ya zo ya faɗa jikina. Manu ya ɗaga shi sama yana yi masa wasa, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki maraya. Kin san ɗazu muna cin abinci Kawu ya ɓata min rai. Tun da rikicin nan ya taso bakinsa bai huta ba. Wai ya ji akwai gidajen da suka ɓoye 'ya'yan mutanen nan, wai in ya san gida ɗaya, shi da kansa zai nuna wa samari ƙofar. Ni ba na son irin wannan zance, yaro me ya sani? Amma Kawu ne. Kuma kin san ni da shi, in ya tsare ni da ido ko abin da na ci a mafarki sai na faɗa masa."

Na rufe bakina. Na karɓi yaron daga hannunsa na ce bari in kai shi a yi masa wanka.

Daga nan har magariba addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa injin majigin ya ƙi tashi. Na roƙi ruwan sama a tsakiyar kaka. Na ji motarsu tana zagaya gari da lasifika tana kiran jama'a, duk inda ta karya kwana sai in ji kamar ƙofarmu ta nufo. Na so in kwanta in ce kaina ke ciwo, amma zaman rashin sani ya fi ƙarfina. Ana idar da isha'i na ja mayafi har goshi na bi ƙawayena, na bar Cindo a wajen Inna.

Filin kasuwa ya cika, maza a gaba, mata a gefe, yara a ƙasa kamar an zuba gyaɗa. An kafa farin ƙyalle a jikin sanduna. Can gaba na hango kujeru biyu da Manu ya ajiye wa baƙinsa: wata dattijuwa doguwa mai farin mayafi da carbi, da wani mai jiki cikin babbar riga ruwan ƙasa, yana ta nuna mutane da sanda yana magana. Na laɓe kusa da injin. Ja ɗaya aka yi masa ya tashi. Ja ɗaya!

Hoton majigi ba ya magana da kansa, kun sani, akwai mai bayani da ke riƙe da lasifika yana faɗin abin da ake gani. Nasu sunansa Shitu, kuma ni tun da can na ce mutumin nan ya cika ƙarin gishiri. In aka nuno jaki sai ya ba shi suna da unguwa. Da ina yaba masa. Ranar nan na tsani bakinsa.

Aka fara da ƙazamar mata mai zuba auduga a ƙasa kaji na bi ta kai, jama'a na ta ihu. Sai hoto ya juya. Sai ga ni.

Ga ni, fuskata ta kai girman ƙofar zaure, ina murmushi, da ɗankwalina mai kunnen zomo. Mai wushirya yana gefena yana gyaɗa kai.

"Jama'a, ga matar kirki!" in ji Shitu. "Ga uwargidan manomi nagari! Ku dubi yadda maigida ke kallonta, wannan aure da daɗi yake!"

Sai wata murya daga cikin mata ta ce, "La ilaha! Wannan ba Barakatu ba ce?"

Kafin a amsa mata, hannun ya fito. Ɗan hannu ɗaya ya cika ƙyallen gaba ɗaya, yana damƙe da auduga, ƙaramin yatsa na shida yana lilo a gefe. Baturen nan bai yi ƙyashin ɗauka ba.

"Allahu akbar, ga ɗansu na fari!" in ji Shitu. "Kun ga har da cindo! Uwa ta iya tsinta, ɗa ya iya damƙa, wannan gida arziki ya sauka!"

Yara suka ɗauka da baki ɗaya, "Cindo! Cindo! Ga Cindon gidan Malam Jibo!"

Na ga Manu a tsaye kusa da motar, hannunsa a sama zai yi tafi, ya tsaya a haka. Na ga dattijuwar ta juya a hankali ta tambayi matar da ke bayanta wani abu, matar ta sunkuya ta daɗe tana yi mata raɗa. Ban jira ƙarshe ba. Takalmina ɗaya a filin na bar shi.

Da asuba na durƙusa gaban Baba na faɗa masa yadda aka yi hoton. Na zaci duka zan sha. Bai ko ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya daɗe yana kallon Cindo da ke barci ya baje hannuwa.

"Amana aka ba mu," ya ce. "Zan tsaya a kan maganar Matazu. In ta riƙe, ta riƙe."

Inna kuwa sai kuka take tana cewa ai ta faɗa, abin da ke nuna mutum ba alheri ba ne.

Da hantsi suka zo. Kawu Maitama ya tsaya a zaure shi da Baba, amma ya zaɓi bakin ƙofar ciki, inda duk abin da aka faɗa a tsakar gida zai shiga kunnensa. Ina hango gefen rigarsa da kan sandarsa. Gwaggo Hajjo ta shigo da sallama, da ƙwaryar goro a rufe da faifai. Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a rumfa, ta kawo ruwa da fura. Ba ta taɓa ko ɗaya ba, ƙwaryar ma ba ta ajiye ba, a cinyarta ta riƙe. A kan danga kuwa kawunan maƙwabta sun jeru, kowacce wai shanya take yi. Rediyo yana kan turminsa yana ta kiɗa ƙasa-ƙasa, ruɗewa ta hana kowa tuna kashe shi.

"A kira min yarinyar."

Na fito da atamfar jiya, na durƙusa nesa da ita, kaina a ƙasa.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya. Ɗago in gan ki." Ta ƙare min kallo. "Ke ce. Jiya kin fi ƙiba. Ina mijin?"

"Gwaggo, ba mijina ba ne. Wasa ne. Haɗa mu aka yi don hoto, ko sunansa ban sani ba."

"Namijin da ba naki ba zai zauna gwiwa da gwiwa da ke a kan tabarma ɗaya? Da idona na gani, kuma mutumin gwamnati ya faɗa a lasifika kowa ya ji."

Na saci kallon Inna. Ta sunkuyar da kai, don ta san maganar wa aka ara.

"To a bar mijin," in ji Gwaggo. "A ce wasa ne. Yaron fa, shi ma haɗa shi aka yi?"

Inna ta yi ƙarfin hali ta ce, "Hajiya, maraya ne, ɗan 'yar uwar Malam ta Matazu."

"Haka aka gaya min. An ce da damina uwarsa ta rasu aka kawo muku shi. Hoton nan kuwa Manu ya ce tun kakar bara aka ɗauka. To me ya kai ɗan Matazu bayan 'yarku a Funtuwa, uwarsa tana da rai? Yarinya ta tafi koyon ɗinki ta fi shekara, ta dawo da keke da yaro. Hansai, ni ba yarinya ba ce."

Inna ta dubi ƙofar zaure. A can na ji Baba ya yi gyaran murya kawai. Maganar Matazu ba ta riƙe ba.

Daidai nan Cindo ya farka. Ya fito daga ɗaki tsirara yana murza ido, ya dubi baƙuwa, ya tsorata, ya taho da gudunsa na 'yan koyo ya rungume wuyana.

"Mama."

Na ji wata a kan danga ta ce, "Kun ji ko?"

Gwaggo ta lumshe ido ta buɗe. Da ta sake magana muryarta ta sauko, kuma wallahi na ga ba mugunta ta kawo ta ba.

"'Yata, saurara. Yaron nan Manu jiya bai runtsa ba. Ya ce min, Gwaggo, Barakatu ba ta taɓa yi min ƙarya ba, duk abin da ya fito daga bakinta shi na yarda da shi. Ni ma na ce to. In ɗan nan ba naki ba ne, yana da uwa, uwar tana da suna. Faɗi sunanta, in ajiye goron nan, a sa rana kafin azahar."

Daga zaure Kawu Maitama ya ɗaga murya, "Suna kawai da unguwa. Funtuwa ba gidan da ban sani ba, yau-yau zan sa a gano min."

Masu karatu, sunan yana kan harshena. Kalma ɗaya ce. In na faɗe ta, Manu nawa ne, da kekensa da batirinsa da ɗakin da ya ce zai yi mana a Ƙarfi mai taga biyu. Na dubi kan sandar da ke leƙowa daga zaure. Na dubi kawunan da ke kan danga, waɗanda kafin la'asar za su kai maganar har kasuwa. Yaron ya cusa fuskarsa a wuyana, ina jin numfashinsa da ɗumi, ɗan yatsan nan yana taɓa min kunne. Na ji tsoro, na ji haushin Baturen, da Shitu, da rawar kaina, da duniya gaba ɗaya.

Na miƙe. A kan igiya akwai zanen Madam mai faifai-faifai, Inna ta wanke jiya. Na jawo shi, na sunkuya, na ɗora Cindo a baya na ɗaure tam, yadda uwarsa ta yi.

"Gwaggo, ba sai an aika ba. Nawa ne."

Inna ta ɗora hannu a ka. A zaure aka buga sanda a ƙasa. Daidai nan, a kunnen kowa, kiɗan rediyo ya tsaya, mai filin gaishe-gaishe ya shigo da fara'arsa.

"Sai kuma Manu malamin gona, yana gaida amaryarsa ta gobe, Barakatu mai keken ɗinki a Mahuta, ya ce a gaya mata ta fara ɗinkin labule."

Gwaggo Hajjo ta tashi da ƙwaryarta. Ta je gaban rediyon ta tsaya tana neman inda ake kashe shi, ba ta sani ba. Sai ta ɗauki ƙyallen da na yi wa fulawa ta lulluɓe shi, mutumin ya ci gaba da gaishe-gaishensa a ƙarƙashi.

Sai ƙararrawar keke a ƙofar gida.

Gwaggo ta gyara mayafinta, ta dube ni, ta dubi goyon.

"Ga shi nan ya zo," ta ce. "Sai ki maimaita masa da bakinki."